Kajin Yaya Mamman Masu Ruwan Toka

Bana ruwa ya yi mana irin ta baƙon da ya leƙo zaure ya yi sallama, kafin a shimfiɗa masa tabarma ya juya. Sau ɗaya ya sauka, muka ruga muka zuba iri, tun daga nan sama ta wanke fuskarta tas. Gero ya fito kamar gashin jariri, ya tsaya yana kallonmu muna kallonsa. Shi ya sa shekaranjiya da Mutari, ɗan wana, ya shigo da jaka a kafaɗa, ban tambaye shi ina za shi ba. A Matameye in ka ga magidanci da jaka a irin wannan lokaci, Kano ce ke kira.

"Baba, zan bar maka babur ɗina ajiya," in ji shi.

Na ce, "Kai shi gidan surukinka. Ni na daina karɓar ajiya tun kana cikin uwarka. Wadda ubanka ya bar mini ma ga ta can tana tone mini tsakar gida."

Ya yi dariya, don ya san zancen. Ku da ba ku sani ba, ku gyara zama.

Shekarar da nake faɗi, soja ke mulki a nan, soja ke mulki a ƙetaren iyaka, sama ma ta yi nata juyin mulkin ta hana ruwa fita. Gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Ina saurayi lokacin, iyayenmu sun rasu, gidan ya rage daga ni sai wana Mamman da matarsa Rabi. Maza ba su jira girbi ba, don babu abin girba, suka fara ɗaure kaya. Yaya Mamman ya kai Rabi gidan iyayenta a ƙauyen Yauri, nan kusa da mu, da ƙaramin ciki. Ni kuwa da na fi kowa ɗokin tafiya, ana gab da tashi na faɗo daga saman kamyo, babbar motar kaya, ina taya lodi, ƙafata ta karye. Maɗori ya ɗaure ta da kara, ya ce in na taka ta kafin sanyi ya wuce, ba ruwansa.

Yaya Mamman yana da wasu kaji biyu da ya zo da su daga ciranin bara a cikin hularsa. Wani iri ne da ba ya girma. Zakaran ya cika zakara, da tukku da cara da neman faɗa, amma da kaɗan ya fi kurciya. Launinsu ne abin kallo: ruwan toka, irin tokar da ta kwana a murhu ta huce, kowane gashi da siririn baƙin zare a bakinsa kamar aikin maɗinki. Zakaran na sa masa Ajidan, don tafiyarsa ta mai bindiga ce. Kazar kuwa Madam, don ba ta cin abu sai ta dube shi da ido ɗaya ta sake dubawa da ɗayan.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, ya tsuguna a bakin tabarmata.

"Sani, ba ni da abin bar maka sai waɗannan. Kar ka ci su."

"Yaya, ko na ci ai ba za su kai maƙogwaro ba. A haƙori za su maƙale."

"Ba wasa nake ba. Kar ka bari su gauraya da kajin gari irin ya lalace. Zan dawo da ruwan shuka. In tarar da mai ruwan toka, ko guda ɗaya ne."

"Garke za ka tarar. Sai ka nemo makiyayi."

Ya dafa kaina, abin da bai taɓa yi ba, ya fita. Ina jin takalminsa har ya sha kwanar masallaci.

Ban san gidanmu na da faɗi ba sai ranar. In na yi tari a wannan ɗaki, sai wancan ya amsa. Unguwar ta koma mata da tsofaffi da ni, a masallaci sahu ɗaya ba ya cika. Turmi ya yi shiru a gari. Wanda bai taɓa zama a garin da ba a jin daka da hantsi ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Akwai rediyon Yaya, amma batir ɗin sai na shanya shi a rana yini guda kafin ya ba ni kiɗan soja da rabin sanarwa.

Mutum ɗaya ce ke leƙo ni: Iya Kande, ƙawar kakarmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun ina yaro take kirana mijinta. Kullum da hantsi sai ta ɗora ƙwarya a kan katanga.

"Mijin banza, kana da rai? Sauran maza sun tafi nema, ni nawa yana kwance yana gadin tsuntsaye."

"Ke kuma amarya, me kika dafa? Yau ma naman raƙumi ne?"

Dilo ne, 'ya'yan anza da ta jiƙa kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita. Bai taɓa fita duka ba. In ka ci, har maganarka sai ta yi ɗaci. Wani lokaci tafasa ce ba ƙuli, wani lokaci jar dawar taimako da ake bin layi a ofishin kumandan, soja na tsaye da bulala yana daidaita tsofaffi kamar 'yan fareti. Na rame har in na juya gefe Iya sai ta ce, "Ina ka shiga?"

Kaji kuwa ba su san da fari ba. Hatsi babu, sai na koma musu gara. Da la'asar zan ja ƙafa da sanda zuwa shurin da ke bayan gida, da tsohuwar tukunya cike da kashin jaki da guntayen kara da tsumma. In yayyafa ruwa, in kife ta a bakin ramin, in rufe da ƙasa. Ruwan nan daga rabon shana nake cire shi, ga rijiya ta yi zurfin da in ka saki guga da safe sai azahar ka ji ya taɓa ruwa. Da sassafe in ɗago tukunya, gara na tafasa a ciki, da ɗumi da warin ƙasa jiƙaƙƙiya, warin da ba a jin sa ko'ina a garin sai a tukunyar nan. Nakan daɗe da hancina a ciki kafin in zazzage musu. Ajidan ya kira Madam, ta zo ta duba, ta ci. Ni kuma in zauna in ba su labari. Duk ƙaryar da na saba shara wa samari a bakin kasuwa, su na koma shara wa. Ajidan bai taɓa ƙaryata ni ba.

Don cika umarnin Yaya na gyara musu akurki a cikin tsohon rumbu, na toshe kowace kafa da ƙaya. Ko ƙuda sai ya nuna takarda kafin ya shiga. Madam ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe.

Da na leƙa, sai da na zauna a ƙasa. Wajen rabinsu ne masu ruwan toka. Sauran wasu baƙaƙe wuluk kamar gindin tukunya, wasu farare da ɗigo-ɗigo kamar an yarfa musu tawada.

Na kira Iya Kande ta zama shaida, na ɗora Madam a kan turmi na kafa shari'a.

"Madam, ki dubi girman Allah ki faɗi gaskiya. Wannan baƙin ɗan wa ne?"

Iya ta riƙe ciki. "Kai dai Allah ya shirye ka. Wane zakara ya rage a unguwar nan? Na gidan liman aka yanka na ƙarshe, ni na fige shi."

"To ta ina baƙi ya shigo?"

"Kai da Mamman ba ciki ɗaya ba ne? Shi baƙi dogo, kai ja gajere mai surutu. Wa ya ɗora uwarku a kan turmi?"

Ban gamsu ba. Ni a wajena iri ya lalace, kuma a hannuna ya lalace. Da suka ɗan tasa, na ware masu ruwan toka na bar su a rumbu da iyayensu, baƙaƙe da farare na kora su tsakar gida, su ci abin da suka samu.

Cikin sanyin nan aka ce sojan can sun rufe iyaka. Motocin da ke zuwa daga Kano ranar kasuwa suka ɗauke. Da ma da bakin direba ake aiko gaisuwa da ɗan ƙunshin gari, yanzu ba direba ba ƙunshi. Wanda ya sato hanya ta daji ya iso, sai mata su yanyame shi: ka ga wane, ka ji labarin wane? Ni ma da ƙafa ta fara ɗaukata nakan je tasha in tsaya a bayansu. Wani ya ce ya ga Mamman yana tura kura a Kano. Wani ya ce a'a, ya wuce kudu. Wani ya ce wane Mamman?

A nan ne kajin da na kora suka yi daraja. Matar da ta daina jin labarin mijinta takan je wajen malam, malam ya ce a yi sadakar baƙar kaza, wata a ce mata fara. To ina kaza a garin? Sai gidan Sani gurgu. Suka riƙa sallama da ɗan gero a gefen zane, ko dusa, ko barkono. Ban taɓa jin malamin da ya ce a kawo mai ruwan toka ba, don haka na rumbu suka zauna lafiya, na tsakar gida suka riƙa tafiya ɗai-ɗai. Har aka bar ni da biyu da kowa ya ƙi: wani baƙin ɗan zakara mai karkataccen yatsa, da wata fara da ɗigon ya yi mata yawa.

Iya ta ce, "Kowa ya yi wa nasa sadaka da kajinka, kai ba ka yi wa ɗan'uwanka ba. Ɗauki ka kai."

Na rungume su biyun na kai wa Malam Isufu, tsohon da ke zama ƙarƙashin bishiyar bedi a bakin masallaci. Ya juya baƙin, ya ga yatsa.

"Wannan da aibi, Sani."

"Malam, ai ni ma da shi nake tafiya."

Ya juya farar. "Wannan kuma ba fara ba ce, ba baƙa ba. Mayar da abinka. Zan yi wa Mamman addu'a haka nan, Allah ba ya bukatar kaza." Ya yi, doguwa, har idona ya cika. Na dawo da su gida na sake su. Su da kansu suka koyi kwana a saman bishiyar tsakar gida, tunda ba wanda ya ba su ɗaki.

Bazara ta shigo da zafin da ban sake ganin irinsa ba. Ƙadangare in zai tsallaka tsakar gida sai ya tsaya a inuwa ya yi shawara. Iska in ta taso kamar an buɗe bakin maƙera. Jakuna suka mutu a bakin rijiya, kashin jakin da nake sa wa tukunya ma sai na yi yawon nema. Ba mutane kaɗai ke jin yunwa ba, na daji ma sun matso gari.

Wata safiya na dawo da tukunyar gara, na ji Ajidan bai yi cara ba. Na buɗe rumbu. Muzurun daji ne ya tona ta ƙasa, inda ban sa ƙaya ba. Gashi ne ko'ina, ruwan toka, ya rufe daɓen rumbun kamar an zubar da murhu. Ƙayar da na kewaye su da ita ce ta hana su fita. Bai bar ko guda ba.

Ban kira Iya ba. Na tattara gashin a hular da aka zo da su a ciki, na rataye a ɗakin Yaya. Da ta ɗora ƙwarya ta ce mijin banza kana da rai, na ce ina da shi, ban ƙara komai ba. Ta zagayo ta ƙofa, ta leƙa rumbu, ta zauna kusa da ni har rana ta take tsaka. Ranar ce kaɗai na san ta zauna da mutum ba ta zage shi ba.

Daga nan zuwa tasha ya zame mini abu biyu. In na hango dogon mutum baƙi ya fito daga hanyar daji, gabana ya faɗi don murna, ya sake faɗuwa don ban san me zan ce masa ba. Abu ɗaya mutum ya roƙe ni a duniya. In ya matso na ga ba shi ba ne, sai in rasa wanne zan ji. Na daina kai tukunya shuri. Na daina ba kowa labari, don babu mai saurare.

Korarrun nan biyu kuwa ko a jikinsu. Baƙin ya fara cara, wata irin cara kamar ana jan ƙofar kwano. Wata rana na ga farar tana fitowa daga ɗakin girkin Rabi, na leƙa, ga ƙwai a cikin murhun da ya yi wata da watanni ba wuta. Na ɗauko biyu zan dafa.

Iya ta hango ni ta katanga. "Mayar mata."

"Iya, me za su haifa? Baƙi da dabbare-dabbare. Jikokin kunya."

"Ko shaiɗan za su haifa, mayar mata. Gidan nan yana son abin da ke motsi. Kai ka zama kututture."

Na mayar, don ba a musu da amarya. Da yamma kuma na samu kaina ina cusa tsumma a tukunya.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Ranar da ya yi da gaske, iska ta fara zuwa da ƙanshi, tsofaffi suka fito ƙofar gida suna ɗaga kai, sannan ya sauko, manyan ɗigo masu tada ƙura. Mata suka jera tukwane da ƙore a bakin indararo. Na tsaya a tsakar gida ya dake ni son ransa. Da ya tsagaita na ji ƙaramin kuka daga ɗakin girki. Na durƙusa a bakin murhu na ɗaga fiffiken farar.

Na ɗauka tokar murhun ce ta shafe su. Na ɗauki ɗaya na hura, na goga a rigata, na kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ruwan toka. Na ɗauki na biyu, haka. Na bi su kaf, babu baƙi, babu fari, dukansu Ajidan ne da Madam suka dawo ƙanana.

"Iya," na ce. "Zo ki ga."

Ta zo da zane jiƙe, ta duba, ta dubi baƙin zakaran da ke tsaye a kan turmi yana karkaɗe ruwa. "To, alƙali. Yau wa za ka ɗora a shari'a?"

Na shekara da shekaru ina gwadawa bayan haka, kuma abin bai taɓa saɓawa ba. Toka da toka, sai su ba ka gauraye: toka, baƙi, da mai ɗigo. Amma baƙin gidan da mai ɗigon gidan, in ka haɗa su, toka zalla za su zuba maka. Launin nan ba ya tsayawa da ƙafarsa, rabinsa na wajen wannan, rabinsa na wajen waccan. Yaya Mamman bai san haka ba, wanda ya sayar masa ma ina jin bai faɗa masa ba.

Damina ta zauna a shekarar. Maza suka riƙa dawowa ta daji, wasu da buhu, wasu da rigar jikinsu kawai. Na share ɗakin Yaya, na shuka gonarsa tare da tawa da iri na aro. Kowace ranar kasuwa nakan saka ɗan tsako ɗaya a aljihu in tafi tasha, don kar ya ƙarasa gida bai gani ba. Aka yi noman fari, aka yi maimai, aka yi girbi. Rabi ta dawo daga Yauri da jariri a baya, ta tsaya a zaure tana kallon bayana ko akwai wani. Aka buɗe iyaka. Na je Kano da kaina har sau ban san adadi ba, na bi 'yan kura da 'yan ga-ruwa da masu gadi. Kowa ya san wani Mamman, ba wanda ya san nawa.

Iya Kande ta rasu, na yi aure, na aurar. Kaji kuwa ba su taɓa yankewa a gidan nan ba. Mutane na yi mini dariya wai ina tattalin baƙin zakara da kaza mai ɗigo kamar su ne dukiyar, alhali ga kyawawa. Ina barinsu su yi.

Shekaranjiya na raka Mutari tasha. Yanzu ba a jiran bakin direba, waya na aljihunsa, kafin la'asar zan ji ya sauka. Da ya sa ƙafa a mota na riƙe hannun rigarsa.

"In ka shiga kasuwa ka bi ta layin 'yan kaji. In ka ga wani tsoho baƙi dogo, mai wushirya irin taka, ya tsaya yana kallon ƙananan kaji, ka ce masa suna nan."

"Baba, kowace shekara haka kake cewa."

"Kowace shekara suna nan."

Jiya da yamma waya ta yi ƙara. Hayaniyar Kano ce ta fara shigowa kafin muryarsa.

"Baba, na bi layin tun daga farko har ƙarshe. Akwai ja, akwai fari, akwai zabi. Tsofaffin duk gajeru ne."

"To madalla. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Gobe ka sake bi."

Na ajiye wayar, na duba gabas, ba komai. Na ɗauki tukunya da ɗan ruwa a buta na nufi shuri, suna biye da ni a baya.